Gani Ya Kori Ji? Sharhi a Kan Tsofaffin Hotunan Kano da Kayan Tarihinta

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun ina firamare nake jin wannan karin magana, ban kuwa taɓa yi mata gardama ba sai a zangon karatun da ya wuce, bayan da mu 'yan ƙungiya muka kai ziyara Gidan Makama, watau gidan adana kayan tarihin nan da ke daura da fadar Sarkin Kano. Mun shafe wajen awa uku muna zagayawa daga wannan ɗaki zuwa wancan, muna kallon tsofaffin hotuna da makamai da kayan sana'a. Da muka fito muna jiran mota, sai wani abokin karatuna ya nisa ya ce, “Kai, jama'a, Kano ta da ita ce Kano! Ga arziki, ga tsari, ga kwanciyar rai.” Kowa ya gyaɗa kai, har da ni.

Da na koma gida hutu sai na nuna wa kakana hoton dalar gyaɗa a wayata, ina tsammanin zai yi murna, domin kuwa ya yi dako a filin dala yana saurayi, tun kafin yaƙin basasar Nijeriya. Tsohon ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, “Ɗan nan, dalar kam ga ta nan. To, mu muna ina?” Na sake dubawa da kyau. A can gindin dalar akwai waɗansu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar cinnaku, ba fuska, ba suna. Ashe su ne mutanen.

Wannan tambaya ta kakana ita ta sa na ɗauki alƙalami. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in duba irin Kanon da tsofaffin hotuna da kayan tarihi suke nuna mana, in auna abin da suka faɗa da abin da suka yi shiru a kansa. Ba da ma'aikatan gidan tarihi nake ba, domin su sun yi abin a yaba da suka tsare mana abin da ya rage. Da mu nake, mu masu kallo, musamman mu ɗaliban Hausa, waɗanda aka koya wa feɗe waƙa da ƙagaggen labari, amma da an miƙo mana hoto sai mu haɗiye shi ba tauna.

Idon Baƙo

Tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane tsohon hoto ita ce: wa ya ɗauke shi, don wa kuma ya ɗauka?

Ɗaya daga cikin siffofin Kano mafi daɗewa da ake bugawa a littattafai ba ma hoto ba ne, zane ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya hau Dutsen Dala ya zana garin. Da ya koma Turai, wani gwanin zane mai suna Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya gyara zanen ya ƙawata shi, aka buga cikin littafin Barth a 1857. Watau abin da muke kallo ya bi ta hannun baƙi biyu kafin ya iso gare mu. Zanen yana da kyau, sai dai shiru ne, kamar garin da kowa ke barci. In ka koma ga abin da Barth ya rubuta kuwa, sai ka ji gari yana motsi: ya ƙiyasta mazauna birni sun kai 30,000, ya ce lokacin ciniki sukan ninka, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara kuɗinsu bai gaza wuri miliyan 300 ba. Mutum ɗaya ne, amma alƙalaminsa na rubutu ya fi na zanensa gani. Tun daga nan ya kamata mu fara shakkar karin maganar nan tamu.

Ita kyamara ba ta zauna da gindinta a Kano ba sai tare da bindiga mai ruwa. Kanar Morland ya ci birnin ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari. Daga nan har wajen samun mulkin kai, galibin masu ɗaukar hoton da ya kai ga littattafai Turawa ne: soja, da joji, da ɗan mishan, da ɗan kasuwa, da ɗan jarida. Kowannensu da abin da yake so mutanen gida su gani. Ɗauki hoton nan na Sarkin Kano tare da mahayansa da ke cikin littafin ɗan jarida E. D. Morel na 1911, zamanin Sarki Abbas. Ga dawaki, ga manyan riguna, ga rawuna, abin gwanin ban sha'awa. Morel yana cikin masu yaba tsarin mulki ta hannun sarakuna, saboda haka hoton ya dace da hujjarsa: ga ƙasa mai tsari ta samu inuwa. Amma Razdan bai fito a hoton ba. Sarki Alu ma bai fito ba, yana can tsare a Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka 1911 da 1851 duk ɗaya ne.

Haka nan hotunan hawan daba. Hawan salla namu ne tun da daɗewa, amma daba Turawa suka zo da ita daga Indiya. An yi wa Gwamna Lugga a Kano a 1913, an yi wa Yariman Ingila a 1925, an kuma yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Ka lura da inda mai hoto yakan tsaya: kusa da rumfar babban baƙo. Don haka duk wanda ya kalli irin wannan hoto, a mazaunin Gwamna yake zaune, shi dawaki suke sukuwa su kai wa jafi. Mu jikokin masu sukuwar ne, amma hoton ya zaunar da mu a kujerar wanda aka yi dominsa, ba mu ko ankara ba.

In akwai mai ganin na tsananta, ya tuna da Burmi. Marubuta tarihi sun kawo cewa bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a can ran 27 ga Yuli 1903, an ɗauki hoton gawarsa aka yi ta nunawa a garuruwa don a karya zuciyar masu sauran niyyar turjiya. A wannan rana kyamara ta yi aikin soja sosai da sosai.

Dalar Gyaɗa

Bari in koma ga hoton da ya jawo maganar. Ba hoton da Bakano ke alfahari da shi kamar na dalar gyaɗa. An sa shi a kan sarki tun zamanin Turawa, an sa irinsa a bayan takardar naira 200 da ta fito a shekarar 2000, 'yan siyasa kuma ba su gajiya da alkawarin dawo da shi. A wurinmu dala ita ce alamar albarka. To, me hoton ya faɗa, me ya ɓoye?

Ya faɗi gaskiya ɗaya babba: talakan ƙasar Kano ya yi noma. Akan ce dala guda takan ci buhu har 15,000, kowane buhu kuwa da fartanya aka noma shi, mata suka ɓare shi a turmi, jaki ko raƙumi ya kai shi gaban sikeli. Akwai ma abin alfahari da ya fi wannan, wanda hoton bai iya nunawa ba. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912, auduga Turawa suke kwaɗayi domin masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in an matsu ana iya cinta, ba kamar auduga ba. Fataken da suka ƙware a cinikin goro zuwa Gwanja suka juya jarinsu da yaransu wajen sayen gyaɗa, daga baya Alhassan Ɗantata ya zama babbansu. Watau Bature ya shimfiɗa dogo don auduga, Bahaushe ya ɗora masa gyaɗa. Wannan basira ce, amma ba ta da siffar da kyamara za ta kama.

Abin da hoton ya ɓoye kuwa ya fi yawa. Na farko, me ya sa aka tara buhuna har suka yi tsiri haka? Dalili shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe su zuwa Ikko a kan kari, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da kawunan jirgi da taragu suka yi ƙaranci. Gyaɗar wata shekara takan tarar da ta bara tana jibge, an lulluɓe ta da tamfol, ƙwari suna ci. Ashe dala, ban da shaidar yawan amfani, shaida ce ta cunkoso. Na biyu, haraji. Da sulallan Turawa ake biyansa, ba da wuri ko dami ba, manomi kuwa ba shi da hanyar samun sule da ta wuce gyaɗa. Na uku, farashi. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanka wa manomi farashi, a shekaru da yawa ƙasa da abin da ake saye a kasuwar duniya. Lalle an yi makarantu da hanyoyi da wani sashe na rarar, wannan ba a musu, amma daga aljihun wa ta fito?

Kakana bai san lissafin hukuma ba, amma ya san nasa. Ya ba ni labarin yadda ake ɗora wa mutum buhu a ka, ya taka buhunan da aka riga aka jera kamar matakala har ya kai ƙoli, rana tana dukansa, ƙura tana shiga maƙogwaro. Ya faɗa mini yadda ɗan baranda ke tare manomi a hanya, da yadda ake danne sikeli. Ya ce har yau in sanyi ya shigo wuyansa yakan tuna masa da filin dala. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a hoto, domin mai hoton ya ja da baya ne don dalar ta shiga gaba ɗayanta, in kuwa dala ta shiga duka, dole mutum ya koma cinnaka.

Har ila yau, akwai shekarun da kyamara ta kau da kai. Shekarar da aka yi wa Lugga daba, watau 1913, damina ta ƙi, a 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi suka yi wa laƙabi da Kakalaba. Hoton daba kowa ya gan shi. Ita Kakalaba a bakin mutane ta zauna, sunanta kaɗai ya isa hoto ga mai jin Hausa.

Kayan Tarihi Bebaye Ne

Mai karatu zai ce, to, hoto na baƙo ne, amma kayan tarihi ai namu ne, hannun kakanninmu ya yi su. Haka ne. Ni ma na fi samun natsuwa a gabansu. Shi kansa Gidan Makama kayan tarihi ne, domin an ce an gina wa Muhammadu Rumfa shi tun bai hau gado ba, Rumfa kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. In ka ɗaga kai ka dubi bakan gizo da azara, ka ji sanyin ɗakin ana tsakar zafi, ba ka bukatar wani ya gaya maka cewa maginan Kano sun san aikinsu.

Sai dai kayan tarihi bebaye ne, sai an yi musu tafinta. Misali ƙyauren tsohuwar Ƙofar Kabuga da ke ajiye a gidan. Wanda bai sani ba zai ga tsohon ƙyaure kurum. Wanda aka gaya wa kaɗan zai ce ta nan Turawa suka shigo a 1903, ya wuce. Amma ƙyauren ba zai gaya maka cewa Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa ba, ko cewa Sarkin Shanu, bawan sarki da aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare fada, ko cewa Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi a hanyar komowa. Ba zai kuma gaya maka cewa shekara takwas kacal kafin nan Kanawa suka gama yaƙar junansu a Basasa, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895 ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsagar ba a jikin ƙyaure take ba, a cikin labari take.

Haka sulke da lifidi da kwalkwali. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce Sarki Kananeji ne ya fara samo su, wajen 1390 zuwa 1410. Mukan tsaya gaban sulke mu yi ta sha'awar jarumtaka. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambaya da me aka saye shi, alhali mun san bayi suna cikin manyan hajojin da ake ƙetare Sahara da su. Ba ma tambayar garin wa mai sulken ya ƙone.

Akwai kuma kayan da suka fi kowanne muhimmanci a zamaninsu, amma babu su yanzu. Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu, sarakuna suna yi masa yanka, har Sarki Alwali ya sa aka farke shi, daga baya masu jihadi suka kore shi daga gari, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Ba abin da ya kai Dirki bayyana yadda addini da al'adar gargajiya suka cuɗanya a fadar Kano, ga shi kuwa ba akwatin gilashin da zai nuna maka shi. Da ji kaɗai muka san shi.

A ɗaya gefen, ga tagwayen masu, da kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina, waɗanda har yau suke fita ranar hawa. Su ba su zama bebaye ba, domin suna nan cikin mutanen da suka san sunansu da kirarinsu da ranar fitarsu. Wannan ya nuna cewa abin da ke rayar da kayan tarihi shi ne harshen da ke kewaye da su. Ran da aka rasa mai cewa wannan mazari ne, wannan abawa ce, wannan katsi ne, wancan laso ne da ake shafe rijiyar marina da shi, ran nan kayan sun koma tarkace, ko da an sa su cikin gilashi mai tsada.

Waɗanda Ba Su Fito Ba

In ka jera tsofaffin hotunan Kano guda ɗari, za ka ga sarki, ka ga hakimi, ka ga ɗan doka, ka ga marina a Ƙofar Mata, ka ga 'yan kasuwa a Kurmi. Matan da za ka gani su ne 'yan talla, da masu nono, da tsofaffi. Matan aure suna cikin gida, inda Bature ba ya shiga. Ga shi kuwa tufafin nan da Barth ya yi mamakin kuɗinsu, kowane zare da ke jikinsu mace ce ta gurje audugar, ta kaɗa ta a mazari, kafin masaƙi ya sa a kwarkwaro, marini ya tsoma a baba, mai bugu ya buge, ɗan Kura ya fito yana sheƙi. Hoton marina ya nuna mana matakin ƙarshe ya bar tushe. Ɗakin amarya da aka shirya a Gidan Makama ya ɗan rage wannan giɓi, ya nuna jere da adon ɗaki, sai dai ba ranar biki kaɗai mace take rayuwa ba. Wanda ke son sanin sauran kwanakinta sai ya nemi labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Tsohuwa guda ta yi maganar aure da saki, da ƙawance, da goyo, da kaɗi, da harin masu kama bayi, ta fi hoto dubu haske.

Bayi su ma ba su fito ba, ko kuwa sun fito ba mu gane su ba, domin bauta ba ta da launi a hoto. Turawa sun yi dokar cewa ɗan da aka haifa daga 1901 ba bawa ba ne, amma ba su soke bautar ɗungurungum ba sai 1936. Saboda haka a hotunan kasuwa da na gona na wannan tsakani, lalle akwai masu biyan murgu suna neman fansar kansu. Gandayen sarki irin na Fanisau da Ɗorayi da ƙarfin bayi aka noma su. Kalmomin suna nan a bakinmu: rinji, gandu, murgu, bacucane, ƙwarƙwara. Harshe ya riƙe abin da ido ya saki.

A nan dole in yi adalci. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba Bature kaɗai ya manta da talaka ba. Tarihin Kano jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu. Waƙar Bagauda haka. Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, shi ma ta ƙofar fada ya leƙa tarihi. Makaɗan fada kuwa ba don manomi suke kiɗa ba. Ke nan idon baƙo da bakin fada sun taru a kan abu guda, duk sun ɗaga sarki sun bar mai ɗauke da shi. Wanda ya jefar da hoton Bature ya rungumi kirarin fada, yana ganin ya tsira, bai yi nisa ba.

Inda Hoto Ya Kama Mu

Kada a ce na zo ne in zubar da tsofaffin hotuna. Ko kusa. Akwai inda su kaɗai ne shaida, shaidar kuwa a kanmu take.

A ƙarshen 1930 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta zuwa Tabkin Chadi, ya ɗauki birnin daga sama. Hotunan suna ajiye a wani ɗakin karatu a birnin Zurik, an kuma sa su a intanet kowa na iya gani. Shi ma baƙo ne, don mutanen ƙasarsu ya ɗauka, amma daga sama ba a shirya mutane a ce su tsaya su gyara rawani. Abin da ke ƙasa shi ke fitowa: gidajen ƙasa ƙofa da ƙofa, lunguna kamar jijiyoyin ganye, da kududdufai birjik a tsakanin unguwanni.

Waɗannan kududdufai ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, su ne kuma suke shanye ruwan sama. Yau an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, kowace damina kuwa sai mu ji ruwa ya ci gidaje. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, wadda Lugga da kansa ya yi mamakin girmanta, an yanka ta filoti-filoti, an ɗebi ƙasarta, a wurare da yawa sai dai a nuna maka da baki. A 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su, a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Igwar Morland ƙofa guda ta fasa. Sauran mu muka ƙarasa da hannunmu, ba Razdan, ba Gwamna. Da ba don hoto ba da sai mu yi musu, mu ce da ma haka muka tarar.

Kammalawa

To, ya 'yan'uwana ɗalibai, ina muka kwana? Ni dai abin da na fahimta shi ne, a sha'anin tarihi gani bai kori ji ba, kowannensu gurgu ne in babu ɗan'uwansa. Hoto yana ba mu siffa da rana, amma yana tsayar da mu inda mai kyamara ya tsaya. Kayan tarihi suna ba mu abin taɓawa, amma sai an yi musu magana. Labarin baka yana da rai, sai dai yakan manta shekara, yakan kuma bi son zuciyar mai faɗa. Aikin mai nazari shi ne ya gwama su, ya sa wannan ya tuhumi wancan. Abokina da ya ce Kano ta da ita ce Kano bai yi ƙarya ba, amma Kanon mai doki ya gani. Akwai Kanon mai gammo, da ta mai mazari, da ta mai biyan murgu.

Wannan aiki kuwa ba wanda ya fi mu cancanta da shi, domin mabuɗinsa harshe ne, harshen kuwa shi muke karanta. Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, a hutu mai zuwa kowane ɗan ƙungiya ya ɗauki tsohon hoto guda ya kai wa wani dattijo ko wata dattijuwa a garinsu, ya yi shiru ya saurara, ya naɗi abin da aka faɗa da izinin mai maganar, ya rubuta shi da Hausar da aka faɗe shi, ba gyara. Ta biyu, mu tattara sunayen kayan sana'o'in da ke mutuwa, na saƙa da rini da ƙira da jima da gini, kowane suna da bayaninsa daga bakin mai sana'ar. Ta uku, mu roƙi iyayenmu su buɗe adaka su fito da hotunan gida, na aure da na suna da na tafiya Makka da na 'yan NEPU da 'yan NPC, domin a cikinsu ne talaka ya tsaya gaban kyamara da son ransa, ya sa rigar da ya zaɓa. Mujallar nan tana iya ware shafi biyu a kowace fitowa don wannan.

Abin yana bukatar hanzari. Waɗanda suka hau dala da buhu a ka sun haura shekara saba'in, kullum raguwa suke yi. Ni na riga na fara da kakana: mun yi zama uku, ya kuma yi mini alkawarin zai kai ni wurin wani abokin dakonsa da ya rage a unguwarsu. Ranar da na karanta masa abin da na rubuta daga bakinsa, ya gyara mini wuri biyu, sa'an nan ya ce in ƙara sunayen abokan aikinsa da suka riga mu gidan gaskiya, ya lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta su a bayan hoton.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.